Shekarar da Aka Sare Ayabar Mahaifiyarku

Bulus, Hannatu, Markus, wannan babi shi ne na fi daɗewa ina kewaye shi. Na rubuta muku ƙuruciyata a ƙauye, na rubuta zuwana Kaduna, na rubuta shekarun da na yi a masaƙa ina tsaye gaban inji har kunnena na hagu ya daina aiki, duk ban tsaya ba. Da na iso shekarar da aka sare ayabar mahaifiyarku sai na rufe littafin, na yi wata biyu ban sake taɓa shi ba. Abin da kuka sani game da wannan shekara daga bakina kuka ji shi, kuma ba haka aka yi ba.

Bari in fara da ita ayabar, don Markus bai san asalinta sosai ba. Ranar da za a kawo mini mahaifiyarku Rahila, kakarku ta zaga bayan ɗakinta da fartanya, ta ciro ɗan ayaba guda daga gindin uwarsa, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, ta cusa shi cikin kayan amarya tare da tukwane. Mutane suka yi ta dariya, wai za a kai amarya birni da itace. Ayaba ce gajera, ’ya’yanta ƙanana masu kauri, in ta nuna ƙamshinta kan cika ɗaki. Rahila ta dasa ta a bayan gidan hayarmu na farko a unguwar Nasarawa, daidai inda ruwan wanke-wanke ke bi. Sau uku muna sauya gida, sau uku tana cire ɗa guda ta tafi da shi. Da Ubangiji ya ba mu fili a unguwar Romi muka yi gini, bayan gidan ya gangara har bakin rafi, ƙasa baƙa mai riƙe ruwa, sai ayaba ta samu abin da take so. Cikin ’yan shekaru ta cika gangaren, har in mutum ya shiga ba a hango shi. Rahila tana sayar da nonon ayaba ga masu kai wa kasuwa, tana sayar da ganye ga mata masu alala, tana sayar da dashe ga masu son yin nasu lambun.

Lokacin da masaƙa ta rufe, wannan lambu shi ya riƙe gidanmu. Da shi kuka ci, da shi Bulus ya gama karatu, da shi Hannatu ta shiga makarantar koyon aikin jinya. Ya kamata in gode wa Allah in yi shiru, to amma zuciya ba ta da ƙashi. Ni da na saba fita da safe cikin kakin aiki, ana ce mini Oga Ayuba, sai ga ni ina tura baro cike da ayabar matata zuwa bakin titi. Duk unguwa “lambun Maman Bulus” suke cewa. Ko mai acaɓa in za a kwatanta masa gidanmu, da lambun ake kwatantawa, ba da sunana ba. Mahaifiyarku ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Ni ne nake yi wa kaina, kullum, har abin ya zame mini ƙurji a rai. Ina so a ce akwai wani abu a bayan gidan nan da ni na kawo shi.

A farkon daminar shekarar da ta gabaci wadda nake ba ku labari, wani abokin aikina na masaƙa ya rasu, muka raka gawarsa garinsu can kudu, kusa da teku. A hanyar dawowa direba ya tsaya shan mai, sai na ga wani mutum a bakin hanya ya jera dashen kwakwa cikin baƙaƙen leda. Ya ce gajeruwar kwakwa ce, ba ta daɗewa take haihuwa, mutum yana tsaye a ƙasa zai tsinka. Nan take na hango layin kwakwa a bakin rafinmu, na ji mutane suna cewa kwakwar Baba Ayuba. Na sayi goma sha biyu, aka ɗaure su a saman mota. Da na iso gida Rahila ta fito ta yi mini sannu da hanya, ta ba ni ruwa, sannan ta tsuguna gaban dashen tana juya ganyen ɗaya bayan ɗaya.

“Baban Bulus, ganyen nan ba su da lafiya. Dubi yadda suka yi ɗige-ɗigen rawaya.”

“Wahalar hanya ce. Ke ma in aka ɗaure ki a saman mota tun daga can, ai sai kin yi rawaya.”

Ta yi dariya, amma ba ta tashi ba.

“To ka ajiye su can gaban gida tukuna, nesa da ayaba. Mu ba su wata ɗaya mu ga abin da za su yi.”

“Komai na gidan nan sai kin sa masa hannu kafin ya zama daidai?”

Ban taɓa yi mata irin wannan magana ba. Ta ɗago ta dube ni, ta miƙe, ta karkaɗe zaninta, ta koma kicin. Washegari na haƙa ramuka a tsakiyar ayabarta, inda ya fi laima da inuwa, na dasa kwakwata duka.

Damina ta rufa mini asiri. Ruwa yana sauka, komai kore shar, har kwakwar ta fitar da sabbin ganyaye, ina shiga lambu ina ta yin fito don murna. Sai da ruwa ya ɗauke, aka yi Kirsimeti, aka shiga zafi, sannan ganyen ayaba na ƙasa suka fara sauya launi. Da fari gefen ganye ne ke yin rawaya, sai ya bi jijiya ya shiga ciki, sai ganyen ya bushe ya rataye kamar tsumma. Nonon da ke fitowa ya ƙanƙance. Wata safiya Rahila ta kira ni daga cikin lambu, da irin muryar da ban ji ta yi ba tun ranar da Markus ya faɗo daga katanga. Na same ta riƙe da ganye ta kife shi. Bayansa kamar an barbaɗa garin barkono. Ta goga yatsa a kai, yatsan ya fito ja kamar ta yanke. Ta sa tabaraun da take karanta Littafi Mai Tsarki da shi, ta kai ido kusa, ta daɗe.

“Suna motsi,” in ji ta. “Baban Bulus, abin nan yana da rai.”

Babu abin da ba mu gwada ba. Mun barbaɗa toka, mun dafa ganyen dogon-yaro mun yayyafa, mun dama sabulu, na je shagon kayan gona na sayo maganin feshi na goya tanki a baya har kafaɗuna suka yi tsami. Sai su yi kamar sun tafi, bayan mako biyu su dawo sun fi da. Ni kaɗai na je na duba kwakwata a ɓoye. Bayan ganyenta ya fi ko’ina ja, kuma ayabar da ke kewaye da ita ita ce ta fi lalacewa, cutar tana raguwa ne gwargwadon nisanka da ita. Ko makaho zai gane daga ina abin ya taso. Na gani, na yi shiru. Na tabbata mahaifiyarku ta riga ni gani, ita ma ta yi shiru.

Wata mata a zumuntar matan cocinmu ita ta haɗa mu da wata malamar gona, Malama Asabe, mace mai ƙaramin jiki da ba ta ɓata magana. Ta zo da rana tsaka, ta shiga lambun tun daga sama har bakin rafi, tana kife ganye tana dubawa da ɗan madubi mai ƙara girman abu, tana ɗaukar hoto da wayarta. Da ta iso wurin kwakwa sai ta tsaya.

“Baba, akwai wani tsiro da kuka shigo da shi daga wani gari kwanan nan?”

“Babu,” na ce. “Waɗannan a nan Kaduna na same su.”

Ina tsaye gaban kwakwar, da furfurata, dattijon coci, na faɗi haka. Malama Asabe ta dubi kwakwar, ta dube ni, ta juya ta dubi Rahila. Mahaifiyarku ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin ɗankwalinta. Malamar ba ta sake tambaya ba. Ta ce ƙwarin nan ba na ƙasarmu ba ne, shi ya sa ba mu da suna gare su da Hausa, ita ma a takarda ta fi saninsu. Suna zama a bayan ganyen kwakwa da kwakwar manja da ayaba, suna tsotse ruwan ganyen har itacen ya gaji. Iska tana ɗaukarsu daga lambu zuwa lambu, amma tafiya mai nisa mutum ne ke yi musu, a cikin dashe ko ganye.

“Mama, ba ni da ikon tilasta miki komai,” in ji ta. “Amma daga yau kada ganye ɗaya ko dashe ɗaya ya fita daga nan. Kuma in da lambuna ne, zan sare duka in ƙone kafin iskar farkon damina ta taso. Dubi lambunan da ke bin rafin nan. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.”

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa cikinku ba. Tun kafin Kirsimeti na yi wa yayana Dauda alkawarin dashen ayaba, zai dasa a gonar gidanmu a ƙauye, gefen kwakwar manjan da mahaifinmu ya shuka da hannunsa. Da cika baki na yi alkawarin, a gaban dangi, kamar lambun nawa ne. Sau biyu yana bugo waya yana tambaya, don ya riga ya haƙa ramuka a fadama. In ce masa babu, sai in faɗi dalili, in na faɗi dalili sai a tambayi wanda ya kawo cutar. Ranar Alhamis ɗin da ta biyo bayan zuwan malamar, Rahila ta tafi zumuntar mata. Tana fita na ɗauki fartanya na shiga ɓangaren da ya fi kyan gani, na ciro dashe, na datse ganyensu, na wanke su da ruwan sabulu, na cusa a buhu biyu. Ina yi ina ce wa kaina ai ƙwarin a ganye suke, tunda babu ganye babu ƙwari. Na san ban tabbata ba. Na kai su tasha na ba direban garinmu, na dawo na yi wanka na zauna a baranda kamar wanda bai je ko’ina ba.

Da la’asar ta dawo, ta ajiye jakarta, ta wuce lambu yadda ta saba. Ba ta daɗe ba ta fito. Ta tsaya gabana da farin ɗankwalin zumunta a kanta.

“Ina dashen da ke gefen rijiya?”

“Na aika wa Yaya. Na wanke su tas, na cire ganyen.”

“Ka aika ƙauye.”

“Na ce miki na wanke su.”

“Kusa da kwakwar manjan Baba zai dasa su, ko ba haka ka ce mini ba? Matan garinku da me suke sayen gishiri in ba da manja ba? Matar Yaya da me take biya wa ’ya’yanta makaranta?”

Na ce tana ƙara wa abin gishiri, malamar gona ma ai ba ta ce tabbas za su kama ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta zauna a kan turmi, ta yi magana a hankali, ba ta ɗaga murya ba.

“Ranar da ka kawo kwakwar nan na yi shiru, don kai ne maigida. Ranar da ka yi wa malamar nan ƙarya a gabana na yi shiru, don kada in kunyata ka gaban baƙuwa. Wancan lambuna ne, na iya haƙura da shi. Wannan abincin mutane ne. Gobe ka hau motar farko. In ba za ka je ba, ni zan je, kuma ni zan faɗa wa Yaya da bakina.”

Na tafi. Ban taɓa jin hanyar garinmu ta yi gajarta kamar ranar ba. Na tarar Yaya Dauda ya riga ya dasa fiye da rabi tun da sassafe, ya kuma raba sauran ga maƙwabta biyu, yana ta yabona, wai ƙaninsa na birni bai manta gida ba. Suna zaune a inuwar mangwaro shi da mutanen da ya ba, suna shan kunu. Na so in ja shi gefe, amma abin ya shafi kowa da ke wurin, dole a gabansu na faɗa. Na ce dashen nan daga lambu mai cuta suka fito, cutar tana kama kwakwar manja, dole a tone su a ƙone yau. Yaya ya ajiye ƙwaryar kunu a ƙasa.

“Ayuba, bayan ka aiko ka gane, ko kafin ka aiko?”

Da na ce bayan na aiko ne, da ya yarda, da har ya gode mini da na yi saurin zuwa. Maganar tana kan harshena. Ban san abin da ya hana ni ba, wataƙila fuskar mahaifiyarku a kan turmi.

“Kafin in aiko, Yaya.”

“Ka sani, ka aiko.”

“Na sani.”

“Da maciji ka sako mini a buhu da ya fi, shi aƙalla zan gan shi in kashe.”

Muka tone su duka, har na gonakin maƙwabta, muka tara busasshiyar ciyawa muka cinna wuta. Yaya bai tsaya nan ba. Kwakwar manja biyar da ke daf da inda ya yi dashen, cikin waɗanda mahaifinmu ya shuka, ya sa aka sare su, ya ce ba zai kwana da shakka ba. Ina tsaye ina kallo suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Da zan tafi bai raka ni ko bakin ƙofa ba. Kun daɗe kuna zaton rigimar gona ce ta shiga tsakanina da baffanku, har Hannatu ta yi kuka da bai zo bikinta ba. Ba gona ba ce. Baffanku bai zalunce ni ba ko da ƙwayar zarra. Har ya koma ga Ubangiji, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, kuma bai taɓa faɗa wa ’ya’yansa dalili ba, kamar yadda ni ban faɗa muku ba. Shi don ya rufa mini asiri ya yi shiru.

Kwana uku na yi a ƙauye. Ranar da na dawo, tun daga bakin titi na ga wani abu ya sauya, sama ta yi yawa a bayan gidanmu. Na ajiye jaka na zaga. Kusan kashi ɗaya cikin uku na lambun yana kwance. Mahaifiyarku tana tsakiya, ta ɗaure zani a ƙugu, ta sa tsohuwar rigata ta masaƙa, adda a hannunta. Rigar duk ta yi jan tabo daga ƙwarin, ruwan ayaba ya baƙanta mata hannu. Kuma ba daga gefe ta fara ba. Daga babban gindin nan ta fara, na kusa da kicin, wanda ta dasa ranar da muka tare.

“Maman Bulus, tsaya! Ki bari mu ga damina mana. Wataƙila ruwa ya wanke su.”

Ta share gumi da bayan hannu.

“Muddin suna tsaye, za ka sake samun dalili. Ni ma zan samu. Shekaranjiya mai alalar nan ta bakin coci ta zo tana roƙona ganye, ta ce ’ya’yanta ba su ci ba. Har na ɗauko wuƙa, Baban Bulus. Har na kama ganyen.”

Ta nuna mini wata addar a jingine da katanga. Ta riga ta wasa ta, tana jirana.

Kwana shida muka yi muna aikin. Ayaba ba itace ba ce, ruwa ce tsaye, ba ta cin wuta da daɗi. Sai mun sassare ta gunduwa-gunduwa, mun shanya, mun tone gindin da diga, sannan mu tara da ciyawa da tsofaffin katako mu ƙone. Hayaƙi ya cika unguwa, maƙwabta suna leƙowa ta katanga, wasu suna cewa asiri aka yi mana, wasu suna cewa mun haukace. Rahila ta ci gaba da aikinta. Ta sare duk abin da ta dasa cikin shekara ashirin, amma kwakwa goma sha biyun nan ba ta taɓa su ba, ta kewaye su ta bar su tsaye su kaɗai a tsakiyar fili. Ranar ƙarshe ta ce, “Waɗannan naka ne.” Ta shige gida. Ni na sare su, kuma ba su ɗauke ni ko rabin awa ba.

Gindi ɗaya tak ta ajiye. Ta buga wa Malama Asabe waya, malamar ta ce in an fere shi sosai aka tsoma a ruwan zafi, wataƙila ya tsira ba tare da ƙwarin ba. Ta fere shi kamar doya, ta tsoma, ta dasa a bokiti ta ajiye a cikin ɗakinmu bakin taga. Kullum da safe sai ta duba. Bayan mako uku ya ruɓe. Ta shiga mota ta je Nasarawa, ta bi gidajen hayar da muka zauna ɗaya bayan ɗaya ko akwai inda ayabar ta rage, ta tarar duk an shafe tsakar gidajen da siminti an ƙara ɗakuna. A ƙauyensu kuwa gidan kakarku ya daɗe da zama kango. Ranar da ta dawo daga Nasarawa ce kaɗai na ga hawayenta a duk wannan shekara. Ta zubar da ƙasar bokitin, ta wanke shi, ta kife.

A cikin wannan hali kuka zo hutun Ista ku uku. Ina tuna Bulus ya ajiye jakarsa ya zaga baya don ya tsinko ayaba yadda ya saba, sai ya dawo da gudu. Kuka fita duka kuka tsaya gaban fili baƙi ƙirin, toka har bakin rafi. Mahaifiyarku tana zaune a ƙofar kicin tana tsince wake.

“Wa ya yi wannan?” in ji Bulus.

“Ni ne,” na ce. “Cuta ta shiga. Malamar gona ta ce a sare, na sare.”

“Har da ta Kaka?” in ji Hannatu. “Baba, ko ɗaya ba ka bar mata ba? Don wata ta zo da takarda ta faɗi magana?”

“Na riga na yanke. Kada in sake jin maganar.”

Hannatu ta je ta durƙusa ta rungume mahaifiyarta tana kuka. Rahila ta dube ni ta saman kan ’yarta, ta daɗe tana dubana, sannan ta ci gaba da tsince wakenta. Na zaɓi ku ɗauke ni mugun uba mai taurin kai, don ya fi mini sauƙi a kan ku san ni maƙaryaci ne. A lokacin har ina ganin kamar wata sadaukarwa na yi, na ɗauki laifi a kaina. Sai daga baya na gane laifin da na ɗauka ba shi ne nawa ba.

Sauran kun sani. Mahaifiyarku ta kafa kasko a bakin titi tana suyar ƙosai, tana da shekara hamsin da ɗoriya, hayaƙi yana shiga mata ƙirji. Ni na samu aikin gadin rana a wata makaranta. Markus ya zauna gida shekara guda bai koma karatu ba, kuma na san har yau yana jin zafin wannan shekara. Lambunan da ke bin rafi ba su kamu ba, iyakar sanina, haka ma kwakwar manjan ƙauye. Ko sarewar ce ta hana, ko ruwan sama ne da ya sauko da ƙarfi a shekarar, ban sani ba, Malama Asabe ma ta ce ba za ta rantse ba. Bayan damina biyu ta ce za mu iya sake dasawa. Rahila ta shuka masara da kuɓewa a wurin. Ba ta sake dasa ayaba ba.

A ciwonta na ƙarshe, wata ranar Lahadi bayan an taso coci, Hannatu ta zo ta yi mata wanka ta taje mata kai. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa tana magana da wata maƙwabciya, ba ta san muryarta tana shigowa ta taga ba. Ta ce Mama ta sha wahala a hannun Baba, tun da ya sare mata lambu ba ta sake zama daidai ba, baiwar Allah ko uffan ba ta ce ba. Ina zaune gefen gado ina ba mahaifiyarku kunu a cokali. Ta kau da kai daga cokalin.

“Ka ji?”

“Na ji.”

“Ka faɗa musu, Baban Bulus.”

“Ki bar su. Na saba. Ni ba na jin zafin abin da suke ɗaukata.”

“Ba don kai nake faɗa ba.” Ta yi tari, ta jira numfashinta ya dawo. “Shekara nawa ke nan ’ya’yana suna kallona kamar akuyar da aka ƙwace wa ɗa? Baiwar Allah, baiwar Allah. Ba wanda ya sare mini lambu. Ni na sare abina, da hankalina, kuma da za a sake, zan sake. Shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi a duniya, kai kuma ka karɓe shi ka sa a aljihunka. Na rufa maka asiri kan kwakwa, na rufa maka kan Yaya, ban yi da-na-sani ba. Amma wannan ka mayar mini da shi.”

Na yi mata alkawari a ranar. Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu. Na so in faɗa muku ranar jana’iza, na ce ba lokacinsa ba ne. Na so in faɗa da aka yi shekara, na ga jikoki sun cika gida, na ce sai an watse. Yau shekara shida ke nan, kuma da baki na kasa, shi ya sa na rubuta.

Ban roƙe ku ku sauya abin da kuke ji game da ni ba, wataƙila ma yanzu ya ƙaru, kuma kuna da gaskiya. Abu ɗaya nake roƙo. Na ji Hannatu tana ba ’yarta labarin kakarta, tana cewa mace ce mai haƙuri da aka yi wa abubuwa da yawa ta shanye. Haƙuri kam ta yi shi. Amma in za ku ba ’ya’yanku labarin lambun nan, ku faɗa musu daidai. Ku ce kakansu ne ya kawo cutar, ya yi ƙarya, ya aika ta garinsu a buhu. Ku ce kakarsu ce ta tura shi ya je ya tono ta, kuma kafin ya dawo ta wasa adda biyu, ta fara da ayabar da mahaifiyarta ta ba ta.